Da'irar Hedimasta

Ba zan taɓa mantawa ba da hutun da na yi a gida Bodinga bayan na gama ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, sabulu ma sai an yi layi, balle aikin gwamnati. Shi ya sa Baba ya roƙi wani abokinsa, hedimasta a Shagari, ya zo ya gan ni ko zai ɗauke ni koyarwa.

Ni kuwa, da ba na iya haɗa ido da babba, na ce bari in gwada malantata a kan ƙannena, Ummaru da Hassi. Littafinmu ya ce yaro da wasa yake gane siffofi. Faifai da murfin tukunya suka zama da'ira, taga murabba'i, tsinin ɗankwali alwatika. Na kafa doka (ni da son doka!): in ka ga siffa, sai ka ɗora mata hannu ka faɗi sunanta da ƙarfi, sannan ka ci ƙuli-ƙuli. Nuni daga nesa bai karɓuwa.

Ranar da Hedimasta ya zo, ina durƙushe a zaure ina amsa tambayoyinsa da muryar sauro, aka kira azahar. Ummaru da Hassi suka kawo masa buta. Ya tsuguna, ya cire hula zai shafi kai.

Sanƙo ne, jama'a, mai sheƙi, kamar da kamfas aka zana shi.

Na ga idon Hassi ya buɗe. Kafin in buɗe baki, ta kai hannu kan sanƙon.

Tas! "Da'ira!"

"Ni na fara gani!" in ji Ummaru, shi ma ya ɗora nasa. Sannan ya cafki hancin baƙo. "Yaya, ga alwatika! Ina ƙulinmu?"

Baba ya yi salati. "Wa ya koya muku wagga ɗibar albarka?"

Suka nuna ni tare. Wannan karon nuni daga nesa ya karɓu.

"Ranka shi daɗe, sabon tsarin koyarwa ne," na ce, ina kallon tabarma.

Hedimasta ya sake alwala, ya danna hularsa har kunne. "Ɗiyan ga sun gane karatu," ya ce. "Malamin nasu ne da saura. Taho Litinin."

Na samu aikin. Tun daga nan, kafin in koya wa yaro da'ira, sai na fara koya masa wadda ba a taɓawa. Hedimasta kuwa har ya yi ritaya bai taɓa yin alwala kusa da ajina ba.