Yadda Za Ka Sa Alabar Ta Saurari Kukan Kaboyi

Bi matakan nan yadda Brimah mai gyaran rediyo ya bi su a unguwar Alabar a 1969, na ba ka tabbacin gidan rediyo naka na kanka, har da mai saurare. Lura, ban ce masu saurare ba.

1. Haɗa kayan aiki

Garmaho, lasifika, da batirin wata akori-kura da ta mutu a filin sukuwa na Race Course. Faifai kuwa, nemi waɗanda suka gagari mai su sayarwa a kasuwar Kejetia: kaboyi, wato Turawa masu malafa, suna kuka ta hanci, mace ta tafi, doki ya mutu, jirgin ƙasa ya wuce. Ɗaure lasifikar a kan mangwaro. Inda muryarta ta tsaya, nan ne iyakar mulkinka.

2. San lokacin salla

Brimah ya manta sau ɗaya. Ladan na ɗaga murya, kaboyi ya amsa masa da guɗa. Kada ka gwada, wa'azin da ya biyo baya ya fi faifan tsawo.

3. Samu maƙiyi

Masoyi yakan gaji, maƙiyi ba ya fashi. Na Brimah ita ce Rakiatu, mai koko da ƙosai a gindin mangwaron.

"Brimah, wai wa ya mutu wa Baturen nan naka? Kokona na tsami sosai paa."

"Yaya Rakiatu, waƙa ce."

"To a kai shi asibiti."

A duk unguwar ita kaɗai ke bambance faifai da faifai, don ta san wanda za ta fi zagi. Brimah ya ƙwallafa rai a abu guda: wata rana ta nemi waƙa da bakinta.

4. Jira gwamnati ta yi maka talla

Ƙarshen shekara doka ta fito: duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar. A Alabar aka binne cibiyar Rakiatu, amma fataucin goro ne ya ƙetaro da mahaifinta ƙasar nan daga Sakkwato, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta takarda kafin ya sha koko. Yanzu ita ma dokar ta hau kanta. Gidaje suka fara zama kango. Nan da nan mutanen da ba su jin Turanci ko kalma suka gane abin da Baturen ke yi wa kuka.

5. Biya buƙatar mai saurare

Ran tafiya Rakiatu ta tsaya gindin mangwaro, tukwane a ɗaure.

"Sa min mai kukan nan, na jirgin ƙasa. Ƙara murya, in ji shi har tasha."

Lasifikar ba ta wuce kwanar masallaci. Brimah ya hau ya kwance ta, ya loda gidan rediyon dungum a amalanke, ya tura a bayan Rakiatu har tashar mota ta Kejetia. Duk rami allura ta yi tsalle, Baturen ya sake kukan daga farko. Tana hawa mota ta leƙo.

"Har yanzu bai iya waƙa ba."

Brimah ya yi dariya, hawaye na zuba. Bai kashe garmahon ba sai da motar ta ɓace. Lasifikar ba ta ƙara hawa mangwaro ba.

Gargaɗi

Babu ruwana da fushin ladan ko kokon da ya yi tsami. Alkawarin mai saurare na yi maka. Ban ce za a bar maka ita ba.