Bedin Alhaji Sada

Dabarar tawa ce, ba wanda ya sa ni. Duk iccen bedin da muka dasa a layinmu na Ƙofar Kwaya bushewa yake, don ba mai ba shi ruwa. Sai na ce a sa wa kowanne sunan wani dattijo, kunya kaɗai za ta sa iyalinsa su kula da shi. Abin ya karɓu, har na fara jin kaina.

Wata safiya na iske awaki sun cinye wanda muka sa wa sunan Alhaji Sada. Cikin takaici na tura murya a zauren Wasap na unguwa: "Jama'a, mun yi sakaci, Alhaji Sada ya mutu."

Na manta Alhajin yana kwance a asibiti.

Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, ɗiyarsa ta taso daga Kano tana kuka. Da na je asibitin ban haƙuri, ya dube ni ya ce, "Malam, ka yi gaggawa."

Ya warke, amma bai ƙara sakar mani fuska ba. Har yau in na doso majalisa, sai wani tsoho ya ce, "Ga mai sanarwa nan. Malam, yau wa muka rasa?"