Ministan Natsuwa a Tsibirin Aku

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta Fidjrossè, a birnin Cotonou, ya san Allah bai halicci mai ƙaunar shiru kamar Musye Barnabé Ahouandjinou ba. Mun sani ne domin shi da kansa ya gaya mana. Ya gaya mana a ƙofar coci, ya gaya mana a wajen jana'iza, ya gaya wa 'yan zem da ke ɗaukarsa a babur. In iskar teku ta kwashe maganar, sai ya maimaita da ƙarfi.

Babban mutum ne. Ya yi ritaya yana mataimakin mataimakin shugaban sashen tarbar baƙi a wata ma'aikata, inda aikinsa shi ne nuna wa manya kujerunsu. Tun daga lokacin ya gane cewa in ƙasar nan ta zauna lafiya, to shi ya zaunar da ita. Da ya ajiye aiki sai ya kafa Ƙungiyar Ma'aurata Masu Natsuwa, ya tsaya takarar shugabanci shi kaɗai, ya kuma yi nasara da gagarumin rinjaye. Mu 'yan unguwa muka naɗa shi Ministan Natsuwa. Da sunan ya kai kunnensa bai ga abin dariya ba. Cewa ya yi an ma yi jinkiri.

Matarsa, Madam Perpétue, ungozoma ce a asibitin haihuwa. Mace ce mai kauri, mai sanyin tafiya, ba ta cika magana ba. Minista yakan yi alfahari da haka a bainar jama'a. "Matata ba ta da surutu," in ji shi. Ba mu taɓa jin ya binciki dalili ba.

Da zagayowar ranar aurensu ta matso, sai ta same shi yana goge takalmi.

"Baban Sènami, bana ba na son biki. Ka kai ni inda za mu zauna mu biyu, ba hayaniya, mu ci abinci. Ina da magana."

"Kin zo wurin da ya dace," in ji shi. "Harkar natsuwa ai fannina ce."

Sai ya zaɓi Tsibirin Aku, sabon wurin shaƙatawar nan na bakin teku a hanyar Ouidah, mai otal da liluna da jirgin ƙasa na wasa da tafkin da yara ke sulɓewa ciki suna ihu. Ya zaɓe shi ne don wani tsohon abokin aikinsa ya kai matarsa can ya watsa hotuna a waya, kuma Minista ba ya yarda ƙaramin ma'aikaci ya riga shi natsuwa. Ya sa ranar Asabar, ana tsakiyar hutun makaranta. Ya saka kwat mai ruwan toka da lambar ƙungiya a ƙirji, rana kuwa tana narka kwalta.

Gidan abinci na farko an gina shi kamar jirgin 'yan fashin teku. Masu kawo abinci duk sun ɗaure ido ɗaya da baƙin ƙyalle. Wata ta tarbe su a ƙofa ta ce, "Sannu da zuwa, Kyaftin!" ta ɗora masa hular takarda. Ya ɗaga hannu zai cire, sai ya tuna abin da ta kira shi, ya gyara wa hular zama.

A ciki ana bikin haihuwar wasu tagwaye. Yara sun cika wurin, kowanne da usur a baki. Madam Perpétue ta ce su fita. Minista ya ce shugaba ba ya gudun matsala. Ya miƙe tsaye, ya buga tebur.

"Iyaye! Ina iyayen waɗannan yara? A zamaninmu yaro ba ya buɗe baki a wurin cin abinci sai don ya sa loma. Ni da kuke gani na zaunar da jakadu. Na zaunar da wani sarki da ya zo da kujerarsa!"

A bayansa akwai wani ƙato cikin rigar aku, kore da ja, wanda aikinsa shi ne ba yara dariya. Minista ya ɗaga yatsa, aku ya ɗaga fiffike. Minista ya dafa ƙirji, aku ya dafa ƙirji. Minista ya girgiza kai cikin takaici, aku ya girgiza ƙaton bakinsa. Yara suka ɗauka cikin shirin ne, suka kwashe da tafi, iyaye ma suka taya su. Minista ya rusuna kaɗan.

"Kin gani?" ya ce da matarsa suna fita. "Jama'a na ƙishirwar tarbiyya. Mai faɗa musu ne babu."

Na biyu sunansa Kogon Kada. Duhu ne a ciki, da sanyi, da wani ƙaton kada na roba kwance a ɗan kududdufi a tsakiyar wurin. Ba kowa sai wasu ma'aurata a teburin gefe. Minista ya kasa kunne, ya lumshe ido irin na masana, ya yanke hukunci.

"Nan ne. Hancina ba ya kuskure."

Aka kawo musu zoɓo mai sanyi. Madam Perpétue ta kurɓa, ta ajiye kofi, ta haɗa hannuwanta.

"Maganar Sènami ce."

"Lauyarmu!" in ji Minista. Ya juya ga ma'auratan gefe, waɗanda ba su tambaye shi komai ba. "'Yata ce. Tana karatun shari'a. Ni na zaɓa mata. Tun tana goye na ga alamar alƙali a goshinta."

Ya ba su tarihin goshin. Ya ba su tarihin nasa goshin, wanda daga nan ta gado. Yana cikin bayanin kakansa sai kadan nan ya buɗe baki, ya yi wani ruri da ya girgiza cokula, ya feso ruwa. Ashe abin da yake yi ke nan lokaci-lokaci, shi ya sa masu wayo ba sa zama kusa da shi. Minista ya yi tsalle, zoɓo ya bi gaban rigarsa ja wur. Ya nemi ganin wanda ke kula da kada. Aka ce inji ne. Ya ce to a kira masa shugaban injin.

La'asar ta yi kafin su sami wuri na uku, can ƙarshen tsibirin, bayan itatuwan kwakwa. Sunansa Fitilar Teku, kuma a ƙofa an rubuta cewa ba a shiga da yara. Ciki tebura ne kaɗan, fararen mayafai, taga a buɗe tana kallon ruwa. Ma'aurata na hira ƙasa-ƙasa. Ba ka jin komai sai igiyar ruwa da ɗan ƙarar cokali. Madam Perpétue ta zame takalmanta a ƙarƙashin tebur, ta yi ajiyar zuciya. Ta ce a kawo gasasshen kifi da amiwo, tuwon masarar nan ja, da soyayyar ayaba.

Shirun ya ratsa Minista har idonsa ya kawo ruwa. Ya ga cewa irin wannan ni'ima bai kamata ta wuce ba a ce komai a kanta ba. Ya ɗauki cokali ya ƙwanƙwasa kofi.

"'Yan'uwa ma'aurata, ku ba ni aron kunnenku. Ba zan tsawaita ba. Shiru iri uku ne."

A teburin taga wani saurayi ya riga ya durƙusa a gaban budurwarsa, zobe a hannu, bakinsa a buɗe. Ya dakata don ladabi. Minista ya gama shiru na farko, wato na ofis. Ya shiga na biyu, na gida, ya nuna matarsa a matsayin misali. Saurayin ya sauya gwiwa. Wani tsoho da tsohuwarsa suka ce a ƙunshe musu abincinsu. Kafin a kai rabin shiru na uku, saurayin ya koma kujera yana murza ƙafa, budurwar tana kallon teku da fuskar wadda ta fara sake tunani.

Mai kula da wurin, wata doguwar mata mai ɗaurin kai, ta matso a hankali, ta kira shi kawu da Faransanci.

"Tonton, ka yi haƙuri. Baƙinmu na ƙorafin hayaniya."

"Madalla! Abin da nake faɗa ke nan. Nuna mini mai yin ta, ni zan yi maganinsa."

Matar ta tsare shi da ido. Minista ya waiwaya don ya ga wanda take kallo. Bango ne a bayansa.

Ya gyara kwat, ya sanar da duk wanda ke wurin cewa Ƙungiyar Ma'aurata Masu Natsuwa ta janye amincewarta da wannan gida, amincewar da gidan bai san yana da ita ba. A daidai lokacin kifi ya iso, yana tururi. Madam Perpétue ta laluba takalmanta da ƙafa.

"Ƙanwata, ƙunsa mini," in ji ta. "Har da barkonon."

Suka fito rana na shirin faɗawa teku. Minista na bayanin yadda ƙasar nan ta lalace. Matarsa na biye da shi da leda a hannu, har suka zo gindin babban lilon nan mai kama da ƙafar keke, wanda ke ɗaga mutane cikin kwanduna ya kai su sama ya dawo da su. Ta tsaya, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallonsa.

"Baban Sènami, mu hau. Daga can za ka hango tsibirin duka, ka zaɓa mana wuri."

"Wannan ai na yara ne."

"Ko tsoro kake ji?"

Ta faɗe ta ne da ɗan ƙarfi, a gaban matan da ke layi. Matan suka juyo.

"Ni? Ni da na yi rayuwata tsakanin jiragen sama?"

Gaskiya ne. Ya raka ministoci da yawa har gindin matakalar jirgi.

Suka shiga kwando, mai lilo ya rufe ƙofa. Da aka fara tashi Minista na nuna mata inda ya kamata a ce an gina Cotonou da an tambaye shi. Da suka wuce kan itatuwan kwakwa muryarsa ta sirance. Da mutanen ƙasa suka koma kamar tururuwa ya kama ƙarfe da hannu biyu. Suna kaiwa ƙololuwa wuta ta ɗauke. Kiɗan tsibirin ya mutu gaba ɗaya, lilo ya tsaya cak, kwandon na ɗan rangaji cikin iska.

Minista ya buɗe baki. Ba abin da ya fito.

Abin da ya biyo baya, daga bakin Madam Perpétue matan ƙungiyar mawaƙan coci suka ji shi, mu kuma muka ji daga gare su. Ta ce ta shimfiɗa ledar a cinya, ta ɓare kifin, ta cire ƙaya a natse.

"Sènami ta bar karatun shari'a tun bara waccan. Gidan burodi ta buɗe a garin Parakou, can arewa, kuma yana tafiya. Ta yi ta kiranka don ta gaya maka. Kullum kai ke magana har kuɗin wayarta ya ƙare."

Iska ta kaɗa. Minista ya runtse ido.

"Akwai wani malamin makaranta, Bio, yana son aurenta. Yaron kirki ne. Iyayensa sun zo gidanmu har sau biyu. Ka koya musu yadda ake jera kujeru a taro har motarsu ta kusa tashi. Yayanka ya karɓi gaisuwarsu a madadinka. Saura amincewarka. Ka yarda?"

Kwandon ya yi wani ɗan ƙara. Minista ya gyaɗa kai da sauri.

"Madalla. Sannan ni na ajiye aiki. Walimar da aka yi a asibiti watan jiya, wadda ka yi jawabin godiya, tawa ce. Zan tafi Parakou in taya yarinyar shiri. Ranar dawowa ban sa ba tukuna. Na karɓi haihuwar rabin unguwarmu, Barnabé, kowane jariri in ya yi kukansa yakan tsaya ya ja numfashi. Kai ban taɓa ganin ka tsaya ba."

Ta miƙa masa ayaba. Bai saki ƙarfen ba, sai ta cinye.

Ta ce a duk zamansu ba ta taɓa cin abinci mai daɗin wannan ba. Rana ja tana nutsewa, kwalekwalen masunta na komawa gida, mijinta na saurare.

Can wuta ta dawo, kiɗa ya ɓarke, lilo ya motsa. Suna saukowa jinin Minista na dawowa fuskarsa. Da suka zo daidai kan itatuwa ya saki hannu ɗaya. Da ya hango ƙasa kusa ya gyara lambar ƙirjinsa, ya yi gyaran murya.

"Madam, na saurare ki. Amsata kashi huɗu ce. Da farko dai..."

Mai lilo ya taho da gudu ya buɗe ƙofa yana ba da haƙuri, yana rantsuwa cewa hakan ba ta taɓa faruwa ba. Madam Perpétue ta kama ƙofar ta mayar ta rufe.

"Ba komai, ɗan'uwa. Mayar da mu sama. Ban ma fara maganar ni da shi ba."