Ranar da Na Yi Kyautar Filashi a Garki

Matso kusa ku ji, don wannan labarin ba na ba da shi da ƙarfi. Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Garki ba, ranar da na miƙe zan koya wa matan manya ilimin kwamfuta, ni da karatuna ya tsaya a aji biyu na ƙaramar sakandare.

Lokacin ba mu daɗe da tarewa a Kurudu ba. Abuja sai kumbura take, ko'ina ka waiga gini ne, tifofi na ta sauko da dutse daga Mpape, kowa yana sayen abin da bai gama sanin amfaninsa ba. Maigidana, Baban Walida, yana aiki a wata ma'aikatar tarayya. Da ya yi sabuwar laftof sai ya miƙo mini tsohuwar. Murna a wurina ba a magana, har riga na ɗinka mata da ragowar atamfa. Amma fa baiwar Allahn nan ta gaji. In na kunna ta sai in ɗora ruwan tuwo, in tankaɗe gari, in dawo in tarar tana nan tana tunani. Windows ce a kanta, kuma duk wani bayiros da ke yawo a filashin 'yan ofis ya samu masauki a cikinta.

Ni mace ce ta gida, fita ba ta dame ni ba. Amma Allah ya ba ni kunne. Duk Lahadi abokan Baban Walida sukan zo cin tuwo, su baje a falo suna musu, ni ina kicin ina kwashe komai. A cikinsu akwai Injiniya Sadiƙ, wanda ba shi da zance sai Linux. A bakinsa na ji cewa kowace kwamfuta tana da abin da ke tafiyar da ita, wanda in ka kunna shi ke fara tarbarka, kuma ana iya sauya shi kamar yadda ake sauya direba mota tana nan. Ya ce shi Linux mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina shi, suka bar shi a buɗe, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara, kowa ya ba wani, ba sata ba ce ba kuma alfarma ba. Wannan maganar ta shige ni sosai. (Ni da ko kuka na daka sai na aika wa maƙwabta.)

Ranar na kasa haƙuri, na leƙo da ludayi a hannu na ce ni ma a sa mini. Suka kwashe da dariya. Injiniya ya ce, “Uwargida ran gida, ai kala-kala ne. Sai kin ɗanɗana kin zaɓa.”

Mako na zagayowa ya zo da filashi uku, kowanne da kalarsa a ciki. Ya nuna mini yadda zan soka filashi in kunna, sabon tsari ya tashi daga cikinsa ba tare da ya taɓa na da ba. Wallahi ji na yi kamar an kai ni kanti an ce in gwada lesi. Na farko ruwan lemo ne da shuni, kyakkyawa, sai dai maɓallansa duk sun jeru a gefen hagu, na yi ta neman ƙofar shiga kamar baƙuwa a gidan biki. Na biyu an yi shi ne don tsofaffin kwamfutoci, ga sauri, amma fuskarsa ba fara'a, kamar ofishin da ba a sa labule ba. Na ukun kore ne shar. Maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu, daidai inda hannuna ya saba zuwa. Na sa wa'azi ya karanta, na sa bidiyon bikin ƙanwata ya nuna, bai tambaye ni komai da Turanci ba. Na ce wannan shi ne nawa.

Injiniya ya ce to in ci gaba da gwada shi, in ya dawo daga kwas a Legas zai zo ya girka mini shi a cikin laftof ɗin sosai. Na ji shi da kunnena, ban ce ban ji ba. Sai dai a raina na ce maza ke nan, komai sai sun ɗora masa nauyi. Abu yana aiki, yana gudu kamar an yi masa wanka, me kuma ya rage a girka? Akwai wani ɗan hoto mai kamar faifai a fuskar allon, da rubutu a ƙasansa, kullum yana kallona. Ban taɓa shi ba. Filashin kuwa na bar shi a soke, na ɗauka ado ne. Kuma ban taɓa kashe laftof ɗin ba, rufe ta kawai nake kamar tukunya in bar ta a caji, in an ɗauke wuta batirin gida ya riƙe. Shi ya sa duk abin da na ajiye nake tarar da shi, ni kuma na ƙara yarda da kaina.

To, ga inda Ladi ta shigo. Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, 'yar Ushafa, can ƙauye a hanyar Bwari, gidansu gidan ginin tukwane ne tun kakanni. Mahaifiyarta da gwaggonninta ke ginawa su gasa, ita ke nemo masu saye a cikin gari. Shekarar kaya sun taru musu, rumfa ta cika, masu saye ba sa zuwa, har tsofaffin sun fara cewa za su daina gasawa. Ita kuwa ƙungiyar matan ma'aikatan su Baban Walida tana neman abin da za ta raba wa 'ya'yanta a taron ƙarshen shekara, kuma cikinsu akwai masu sababbin gidaje da ke neman kayan ado. Ladi ta daɗe tana son ta shiga wurin, ba hanya. Ni da ban cika zuwa taron ba, na ɗaga waya na roƙi shugabar, Hajiya Bilki, ta ba mu ɗan lokaci a taro mai zuwa. Ta amince.

Ladi ta so ta yi shatar mota ta kwaso samfur. Ni na hana ta. Na ce wa ke ɗaukar tukwane a hanyar Bwari su farfashe, alhali ga zamani ya zo? Hotuna za mu haska a bango. Muka tafi Ushafa da kyamarar Baban Walida, na wuni ina durƙuso ina ɗauka: tulu, kasko, tukwanen fulawa masu zane, ƙananan kwanuka masu ƙyalli, har da hannun Maman Ladi tana murza yumɓu. Da muka dawo na kwashe su kaf na zuba a fuskar koren nan, na jera su, na share katin kyamarar tas saboda maigidan zai tafi da ita ɗaurin aure Zariya. Ladi tana kallo tana jinjina kai, tana cewa ai ni injiniya ce aka ɓoye a kicin. Ban musa mata ba.

Ranar taro na ci ado, na rungumi laftof a cikin rigarta ta atamfa, filashi ya leƙo ta gefe, ni da Ladi muka nufi Garki. Zauren cike yake da mata masu digiri, daraktoci da matan daraktoci, Hausa rabi Turanci rabi, turare kamar ka suma. Aka haɗa ni da na'urar haska bango. Kore ya fito a bango ƙato, tukwanen Ushafa suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya. Na ji ana “Masha Allah” daga baya. Wata ta ce a koma kan kwanukan nan. Ladi na tsaye gefena tana yi musu bayani.

Da na tsaya a nan, da yanzu labarin daban ne. Sai Hajiya Bilki ta tambaya wane irin Windows ne wannan mai kyau haka, ita tata kullum a wurin mai gyara take.

Jama'a, abin da nake jira ke nan. Na gyara mayafi, na karɓi abin magana daga hannun Ladi. Duk abin da na kwasa daga kicin na juye musu, har da karin muryar Injiniya. Na ce ba Windows ba ne, Linux ne. Na ce kala-kala ne, na gwada uku da kaina, na ba su shawara su ɗauki kore in suna son sauƙi. Na ce bayiros ɗin ofis ba ya kama shi. Na ga wata likita tana rubutawa a bayan takardar taro, kaina ya ƙara girma. Hajiya ta ce a ina ake saye.

Na ce, “Ranki ya daɗe, ba a sayar da shi. Na kowa ne. Ga shi ma, ki tafi da shi, ni na riga na gama da shi.”

Na kai hannu na zare filashin, na taka har gaban teburinta na miƙa mata da hannu biyu. Har tafi aka yi mini.

Ina juyowa na ga tulun da ke bango ya ƙame. Na danna, shiru. Na sake dannawa, sai allon ya yi baƙi, fararen rubutu suka fara gangarowa kamar tururuwa. Na yi murmushi na ce wa jama'a hutawa yake. Na karɓo filashin daga hannun Hajiya (kyautar da ko ɗumin hannunta ba ta ɗauka ba), na mayar, ko gezau. Mai kula da na'urar zauren ya ce in kashe in kunna. Na zare filashin don kada ya ƙara rikita ta, na danne maɓalli ta mutu, na kunna.

Ashe duk kwanakin nan a cikin filashin nake zaune. Koren bai taɓa shiga laftof ɗin ba, baƙo ne a zaure, kuma duk abin da na jera masa ya tafi da aka kashe. Tsohuwar Windows ce ta taso, da nawarta da komai, ta ɗauki lokacinta ana jira. Sannan ta buɗe da hoton da Baban Walida ya sa a fuskarta tun tana hannunsa, wanda na yi ta roƙo ya cire, ni kuma na ɗauka ya tafi da tsohon zamani.

Ni ce a tsakar gida, zaune a kan tabarma, ɗaurin ƙirji da tsohuwar rigar maigida a sama. Ƙafafuna biyu a ɗaure cikin baƙar leda na sa lalle, fuskata shafe da dilka, kumatuna cike da rake, ido ɗaya a rufe. A bango. Tsayina ya kai na ƙofa.

Ba wanda ya yi dariya da farko, kuma wannan ya fi ciwo. Sai wata daga baya ta kasa riƙewa, shi ke nan zaure ya ɓarke. Hajiya Bilki ta sa gefen mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Na kai hannu zan rufe laftof ɗin, sai Ladi ta riƙe mini wuyan hannu.

Ta ce a hankali, “Maman Walida, bar shi. Kin ga randa tana bayanki.”

Na ɗaga kai. Gaskiya ne. A bayan kafaɗata, ƙarƙashin bishiyar gwaiba, ga randar da Mamanta ta gina mini ta fito ɗas, da zanenta da murfinta, har da raɓar sanyi a jikinta. Duk hotunan Ushafa sun tafi, katin kyamara na share shi da hannuna, samfur ni na hana a kawo. Abin da ya rage wa tsofaffin nan a zauren kaf shi ne wannan randar, ita kuma ba ta fitowa sai da ni.

Na janye hannuna. Na koma gefe na zauna a kujerar roba, a ƙarƙashin ƙafafuna masu leda da ke bango.

Ladi ta ɗauki abin magana, ta ari sandar labule ta riƙa nunawa. Ta yi bayanin inda suke haƙo yumɓu, da yadda ake gasa randa har ta yi ƙara in an ƙwanƙwasa, da yadda ruwa ke sanyi a ciki ko an kwana ba wuta. Duk sanda za ta nuna wuyan randar sai sandar ta bi ta kan kunnena. Wata ta ce a ƙara girman hoton ta ga zanen, mai na'ura ya ƙara, raken bakina ya ƙaru tare da shi. Wata kuma ta tambaya, da gaskenta, wa ya haɗa mini dilkar.

Ba su ɗauki kwanuka ba, ba su ɗauki tukwanen fulawa ba, don ba wanda ya iya tuna wanne ne wanne. Amma randa ta samu shiga. Ƙungiya ta ce ita za a raba a ƙarshen shekara, ƙanana masu murfi, wasu matan kuma suka ce a gina musu manya. Tsofaffin Ushafa sun koma gasawa har bayan Kirsimeti. A mota Ladi ta yi ta dariya har da hawaye, tana ba ni haƙuri tana ƙarawa.

Da Injiniya ya dawo, Baban Walida bai bari ya zauna ba ya ba shi labari. Injiniya ya danna ɗan faifan nan da na yi ta ƙyalewa, kafin in sauke miya ya girka koren a ciki, ya zare filashi, ya kashe, ya kunna, komai yana nan. Har yau shi nake amfani da shi, kuma har yau in mace ta tambaye ni shi nake ce mata ta zaɓa. Sai dai yanzu nakan ƙara da cewa ɗanɗano daban, girkawa daban, kuma in mai abu ya ce ki jira shi, jira shi ɗin ya fi sauƙi a kan a haska ki a bango. A ƙungiya kuwa ba wanda ya san sunana, Hajiya Mai Randa ake ce mini.

Amma ku gaya mini tsakani da Allah, da ku ne Ladi ta riƙe wa hannu, za ku bar hoton a bango ko rufewa za ku yi?