Ragon da Na Fassara a Rayfield

Abubuwa da yawa na zaman jami'a a Jos sun ɓace min, har da sunayen wasu malamai, amma ragon nan kam ba zan taɓa mantawa da shi ba. Har yau in na ga rago ɗaure a jikin bango yana kallon mutane, sai in kawar da kai.

Muna shekarar ƙarshe ne a sashen wasan kwaikwayo, lokacin da kaset ɗin bidiyo ya fara ja da baya, faifan sidi yana shigowa. Muna da wani malami, Dakta Dalyop, mutum mai sanyin murya wanda ba ya dariya sai da dalili. Shi ya fara nuna mana cewa katun ba na yara ba ne kaɗai, akwai tsofaffin finafinan zane na Turai da kowane launi da kowace inuwa a cikinsu magana ce. Wata rana ya sanar cewa sashen zai riƙe ɗalibi ɗaya ya zama ƙaramin malami bayan bautar ƙasa, kuma shi zai ba da sunan. Ya kawo wani fim a kaset, ya ce kowa ya kwafa ya je ya kalla, ranar Asabar mu haɗu a gidansa a Rayfield kowa ya faɗi abin da ya fahimta.

Ni kuwa aikin nan na riga na sa shi a aljihu. Na faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa maƙwabta, kafin ka ce me telan bakin layinmu a Anguwan Rogo ya fara kirana Lakcara. (Ban hana shi ba. Gaskiya ma nakan rage sauri in na zo wucewa ta shagonsa.)

Sabon kaset ban saya ba. Yadda kowa ke yi na yi: na buɗe kwalin tsofaffin kaset na ɗakin Inna, na zaro wanda babu rubutu a jikinsa, na liƙe ɗan ramin gefensa da salatif don ya karɓi sabon ɗauka, na kai wa abokina Bulus, ɗan ajinmu, a Farin Gada, shi ke da bidiyo biyu da yake haɗawa. Washegari na karɓo.

Fim ɗin babu magana ko ɗaya, sai kiɗa mai kama da goge. Wani ɗan tsamurmurin mutum ne yake yawo da tsani a kafaɗa cikin garin da gidajensa ba su da ƙofa. Na zauna gaban 'yar talabijin ɗinmu mai yayyafi ina kallo ina gyaɗa kai. Can tsakiya, daidai inda mutumin ya jingina tsaninsa zai hau, sai hoton ya yi rawa, zane ya ɓace, ga rago. Ba na zane ba, rago na gaske, fari mai baƙin kai, ɗaure a jikin bango, ya zuba min ido. Ƙiftawa kaɗan ya ɓace, zane ya dawo.

Na ce wallahi wannan darakta ba mutum ba ne. Na mayar baya na sake kallo, na sake, har Inna ta leƙo ta tambaya ko bidiyon ne ya lalace. Na ce mata nazari nake yi.

Ranar Asabar na sa rigar sanyi mai dogon wuya, irin ta masu tunani, na hau acaɓa zuwa Rayfield. Dakta ya ɗauko majigi daga makaranta, ya haska bangon falonsa gaba ɗaya, matarsa ta kawo mana shayi. Ɗalibai suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya. Wata 'yar ajinmu, Nankyer, ta ce ita abin da ta gani shi ne tsanin ba don hawa ba ne, mutumin ya saba da nauyinsa ne har ba ya iya ajiyewa. Na yi murmushin tausayi. Babu wanda ya ambaci rago. Na ce a raina, Allah sarki, duk sun kalla amma ba su gani ba.

Da aka zo kaina na tashi na gyara murya. Na ce duk abin da aka faɗa ɓawo ne, ƙwayar fim ɗin tana wurin ragon. Dakta ya ɗan karkata kai, ya tambaye ni wane rago. Maimakon wannan tambaya ta farkar da ni, sai ta ƙara min ƙarfi, na ɗauka har malamin ma abin ya wuce shi. Na zazzage musu: farin jikin ragon tsarkin ɗan Adam ne, baƙin kansa tunanin mutuwa, igiyar mulkin danniya, bangon kuwa ƙaddara. Na ce darakta ya fasa duniyar zane da gangan don ya mari mai kallo da gaskiya. (Kalmar "mari" na kwana ina gwada ta a madubi.)

Dakta ya ce shi ya kalli fim ɗin nan tun yana ɗalibi, bai taɓa ganin rago ba, amma ilimi ba ya ƙarewa, in kawo kaset ɗina a gani. Da hannuna na saka. Da bakina na ce wa Bulus ya tsayar da hoton daidai kan ragon.

Jama'a, abin da 'yar talabijin ɗinmu take yankewa a gefe, majigi bai yanke ba. Ga rago ya cika bangon Dakta, ga shuɗiyar randar Inna a bayansa, ga igiyar shanyarmu. A can gefen dama kuma ga wani mutum tsugune cikin singileti, riƙe da igiyar ragon a hannu ɗaya, ɗayan hannun da rake, baki cike, yana yi wa kyamara dariya.

Ni ne.

Ragon sunan ɗan yayata Hadiza ne. Ni na jawo shi daga kasuwa, ni na ci hantarsa. Na ji Bulus yana cewa a hankali, ai an ɗauke wuta ne yana tsakiyar kwafa, da aka dawo da ita ya ɗan tura kaset ɗin gaba ya ci gaba, ya manta bai faɗa min ba.

Babu wanda ya yi dariya tukuna, kowa Dakta yake kallo. Shi kuwa ya tashi a natse, ya je jikin bango, ya ɗora yatsa a kan fuskata, ya juya harshe zuwa Hausa don abin ya shiga da kyau.

"To Malam, mun gane igiya, mun gane bango. Wannan mai raken, shi alamar mene ne?"

Sai falon ya fashe. Nankyer ta ƙware da shayi, Bulus ya zame daga kujera, matar Dakta ta fito daga kicin ta ga bangon ta ga ni, ta koma da gudu tana riƙe da ciki. Dakta da ba ya dariya sai da dalili, ranar ya sami dalili har da hawaye.

Nankyer aka ba aikin, kuma ta cancanta. A gida ban ce komai ba, amma Bulus yana da baki. Kafin Litinin telan layinmu ya sauke Lakcara ya ɗora min Mai Rago. Yaya Hadiza kuwa da ta gane cewa bikin sunan ɗanta na fari, da 'yan'uwan da suka zo daga nesa, da waƙar da mata suka yi, duk na shafe su da mutumin tsani, ta daɗe ba ta amsa gaisuwata ba. Abin da ya rage na ranar a duniya shi ne ni da ragon da rake.

Yaron yanzu ya yi gemu. Duk sallah in aka ɗaure rago a tsakar gida, sai ya matso kusa da ni da ladabi ya ce, "Kawu, wannan fa me yake nufi?"

Har gobe ina kallon finafinan zane, ina kuma son fassara su, halin bai bar ni ba. Sai dai yanzu in na ga wani abu mai zurfi ƙwarai, kafin in buɗe baki nakan duba gefen hoton tukuna, in tabbatar ba ni ne a tsugune a wurin ba.