Rasuwar Mbok Lele, da Abin da Na Ɓoye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kunya ta ƙara wa nauyi, ni Marsudi Atmowiyono, shugaban makanikai, a madadin ma'aikata talatin da takwas, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohuwarmu, jirgin yaƙinmu mai nutso a ƙarƙashin teku. Ofis da lamba ya san ta. Mu kuwa Mbok Lele muke ce mata, wato Inna Tarwaɗa, saboda baƙinta da santsinta da son kwanciya a ƙasan ruwa. Ta cika ranar Litinin da hantsi a tashar Surabaya, lokacin da aka sauke tutarta aka naɗe, aka miƙa wa Kwamanda Prayitno. Shekarunta arba'in da ɗaya a duniya, ashirin da tara daga ciki tare muka yi su.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai riƙon amana. Ta je wuraren da har yau ba mu da izinin faɗa wa matanmu. Ba ta da yalwa: gado ɗaya mutum biyu, wannan ya tashi wancan ya kwanta tun wurin bai huce ba. Amma ba ta taɓa fita da mutum ta dawo babu shi ba. Idan muka wuce mita ɗari takan yi wani dogon nishi, ƙiiiii, kamar tsohuwa za ta zauna a tabarma. Sabon shiga ya ji haka sai ya kama salati, mu kuwa mu ci gaba da shan kofi. Da safe injinta na biyu sai ya yi tari sau uku kafin ya kama. Ranar da ya kama a tari na biyu mun yini muna yi wa juna barka.

Ta rasu ta bar mu. Ta bar Cak Dulah mai girki, wanda ya ƙware da soya tempe, wato wainar waken soya, a kaskon da ya karkace, har ya ce a gida ma sai ya sa dutse ƙarƙashin murhu suya take yi masa kyau. Ta bar matanmu, da suka shekara suna tsayar da mu a baranda mu tuɓe kaya saboda warin dizal. Ta kuma bar jikoki biyu da ba ta gani ba, sababbin jiragen da ake ƙera wa rundunarmu a ƙasar waje. An ce suna yin sati uku a ƙasa ba su leƙo shan iska ba, kuma komai nasu a allon kwamfuta yake. Allah ya raya su, ba su da laifi.

Game da rashin lafiyarta, kwamitin bincike ya rubuta cewa tsufa ne. Wannan ita ce maganar da ta sa na nemi a bar ni na rubuta sanarwar nan da hannuna.

Shekara uku da suka wuce na ji wani sabon sauti a ɗakin inji, a jikin bututun da ke jawo ruwan teku yana sanyaya inji. Tak, tak, a hankali, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. Na duba na ga ƙarfen ya fara cinyewa. A lokacin ne ake ta raɗe-raɗin cewa an sa hannu a kan sayen sababbi, kuma duk tsohon jirgin da takardarsa ta nuna ciwo shi za a fara sallama. Na tsaya da alƙalami a kan littafin inji. Na tuna a cikinta aka yi mini albishir da haihuwar 'yata. Sai na rubuta lafiya lau, na yi wa wurin faci da kaina. Bayan shekara na sake wani facin a kan na farko. Na gaya wa zuciyata rufin asiri ne nake yi mata, kamar yadda ɗa yake ɓoye ciwon uwa.

A watan Maris na bana, wajen ƙarfe tara na safe, muna atisaye a mashigin Makassar, mita ɗari da ashirin a ƙasa, bututun ya fashe. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. A wannan zurfin ruwa ba zuba yake yi ba, yanka yake yi. Yohanes Lewar, mataimakina, mutumin tsibirin Flores mai 'ya'ya huɗu, shi ne kusa da bawul ɗin da ke rufe bututun. Ya cusa hannu cikin ruwan ya juya har ya rufe, yatsunsa biyu na dama suka tafi. Kwamanda ya ba da umarni a hura tankunan a tashi sama. Mbok Lele ta yi wani nishi da ban taɓa ji ba, ta tsaya cak kamar tana shawara. Sannan ta ɗaga kai, ta kawo mu hasken rana mu duka.

Wannan ne nutsonta na ƙarshe. Da can an yi niyyar idan ta huta a ajiye ta a bakin ruwa, 'yan makaranta su riƙa shiga suna kallo. Bayan rahoton sai aka ce jirgin da ya kusa cin mutane ba abin nunawa ba ne, a sayar wa masu yankan ƙarfe. Ina zaune a ɗakin aka karanta. Wani injiniya a kwamitin ya ce abin takaici, da an gano da wuri, canjin bututu ne na sati biyu. Na sunkuyar da kai, aka ɗauka jimami ne. Wata huɗu na bar ta da laifina.

Matata Warsini ce ta fara ganewa, don na daina taɓa sambal ɗinta, haɗin barkonon da ba na cin abinci sai da shi. Da na faɗa mata ba ta yi faɗa ba. Ta goge mini kakina, ta rataye a ƙofa, ta ce ita dai ba za ta iya gaisawa da matar Yohanes a kasuwa ba sai na je na faɗi gaskiya.

Na fara da Kwamanda. Ya saurare ni har na gama, sannan ya kira ni da sunan da suke kirana a jirgi.

"Pak Mar, ni ma na ji wannan ƙwanƙwasar," in ji shi. "Na ce a raina tunda kai ba ka yi magana ba, babu komai. Ka ga irin yardar da muka yi maka."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yohanes kuwa na same shi a tsakar gidansa yana koyon ɗaure takalmi da yatsu uku. An riga an cire sunansa daga waɗanda za su tafi koyon sabon jirgi, saboda hannun. Sunana yana ciki. Na faɗa masa komai a tsaye. Ya gama ɗaurin tukuna, sannan ya ɗago ya kira ni Bapak, wato Baba, kamar kullum.

"Bapak, da ka ƙaunace mu rabin yadda ka ƙaunace ta, da yau ina cin shinkafa da hannuna."

Na nemi gafara. Ya ce bai shirya ba, kada na matsa masa. Amma ya sa aka kawo mini shayi, ya zauna har na shanye.

Na kai wa kwamiti bayani a rubuce, na kuma janye sunana daga tafiyar. Hukuncina yana tafe, kuma zan karɓa. Nata dai ba zai sauya ba, an riga an sayar. Abin da nake roƙo kawai, duk wanda zai ba da labarinta ya daina cewa ta ci amanar mutanenta. Ta yi ƙwanƙwasa shekara uku, ni ne na ƙi buɗewa. Masu shiga sababbin jirage kuma, idan kun ji sautin da ba ku sani ba, ku rubuta shi a ranar, ko da jirgin ya fi muku gidan ubanku.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe takwas na safe a gadar tashar ta gabas. Cak Dulah zai dafa shinkafar sadaka, liman zai yi addu'a, fada na coci ma zai yi tasa. Tsofaffin ma'aikata su zo da hulunansu, ba a buƙatar furanni. Da ƙarfe tara jirgin da ke jan jirage zai tafi da ita wurin yanka, kuma an roƙi kada kowa ya bi ta can.

Kwamanda ya ba Yohanes girman kwance igiyarta ta ƙarshe. Igiyar tana da kauri, hannu ɗaya ba ya iya ta. Jiya ya aiko a gaya mini in zo da wuri in riƙe masa ɗaya bakin, amma kada in yi masa magana.

Allah ya jiƙan ta, ya yafe wa wanda ya yi jinyarta.