Tukunyar Alhaji Giɗaɗo

"Ina gajiya, tsohuwa mai ran ƙarfe?"

"Ba gajiya, miji marar cefane. Ya rana? Ya mutan gidan?"

Hajiya Hansai tana zaune a kan tabarma a barandar shaguna bakwai da marigayi mijinta Alhaji Giɗaɗo ya gina a bakin titin kasuwar Wudil. Jikanta Garzali ne tsaye a kanta cikin kakin 'yan kwana-kwana, da takarda a hannu. Ofis ne ya turo shi duba layin, kuma duk ginin da ba a gyara ba kafin Litinin kwaɗo za a sa masa.

"Yau ba zance na zo ba, amarya, aiki na zo. Ina tukunyar kashe gobararku?"

"Ga ta can a rataye, in kakin bai toshe maka ido ba."

Garzali ya ɗaga kai ya dubi jar tukunyar da ta koɗe.

"Wannan ai ta girmi babana. Ke da ita ban san wadda ta riga lalacewa ba."

"Da tsohuwar zuma ake magani, ɗan nema. Ku da ba kwa zuwa sai wuta ta ci ta ƙoshi ta wanke hannu? Wanda ya raɗa muku kwana-kwana ya san ku."

"Mu dai da mota muke zuwa. Ku a zamaninku da me kuke kashewa, da guɗa?"

"Da maza." Ta gyara zama. "Shekarar da rumfunan zana suka kama, ran Juma'a ce, kasuwa na ci. Kakanka ya tuɓe riga ya jera mutane tun daga bakin kogi, bokiti na tafiya hannu da hannu. Mu 'yan tallan fura muka juye furar a ƙasa muka miƙa ƙwarya. A nan ya fara ganina, fuskata duk toka."

"Ashe hayaƙi ne ya rufe masa ido. Na daɗe ina neman dalili."

"Ka ci gidanku. Har mahauta sai da suka yi dambe a kaina." Ta yi murmushi tana kallon bangon. "Da ya gina nan, da ƙafarsa ya je Kano ya sayo tukunyar nan. Duk Juma'a sai ya goge ta da hannun rigarsa kafin ya tafi masallaci. Yanzu ni nake gogewa."

Garzali ya tsugunna a gefen tabarmar.

"Hajiya, gogewa ba ta cika mata ciki. Tela na guga da gawayi, mai katifa na jikin bangonsa, wayar wuta tsirara, ƙofar baya kuma kin toshe ta da buhunan gero. In ta kama, Ya'u tela da gurguwar ƙafarsa ta ina zai fita?"



"Gobara daga kogi, maganinta Allah."

"Taki daga dutsen guga za ta taso, maganinta na cikin motata. Sababbin tukwane uku na kawo. Amma gwada taki, in ta yi aiki na yayyaga takardar."

Ya sauke tukunyar ya zare mata fil ɗin. Hajiya ta yi bismilla, ta kawar da kai, ta matsa da hannu biyu. Tukunyar ta yi ɗan huci kamar akuya mai mura, ta yi tsit. Ya'u ya leƙo daga shago ya koma da sauri.

Hajiya ta yi dariya har da share ido da gefen mayafi.

"Allah ya jiƙan Alhaji, ashe ta daɗe da bin sa. Rataya naka. Geron ma a kwashe yau, a kira mai gyaran waya. Wannan kuwa gida za ka kai min ita, ɗakina."

"To, amarya."

Ta jawo kwano ta buɗe, ta tura masa soyayyen kifi.

"Ungo, ci ka yi ƙwari. Mai kashe gobarar da iskar mesa za ta kayar, ina amfaninsa?"